Garin da Ba Shi da Baya

Matso da tabarmar nan, Ɗan Tambai.
Hotunan na cikin waya,
wayar na kwance a kwanon shinkafa tana jinya.
Bari in ba ka da baki,
tunda baki ba ya neman caji.

Ni da na yi shekara goma sha tara
ina yaga tikiti a ƙofar silima a nan Maraɗi,
ina korar yara daga kan katanga,
har aka mai da wurin ma'ajiyar siminti,
ni Lawali ya ɗauka, da ni da uwarsa,
sai ƙasar Sin, inda yake sarin fitila da batir.
Ya ce, Baba, yau da ƙafarka za ka shiga cikin majigi.

Tafki ne, an ɗaure masa baki da dutse,
ruwan a kwance kamar shadda ta sha bugu.
Ba saniya, ba mai wanki, ba ko kwaɗo.
A gefensa gari guda,
benaye da shaguna masu jan rufi.
Na yi sallama a wata ƙofa har sau uku.
Zuwaira, jikata, ta ja ni ta baya tana dariya:
ashe katako ne tsaye, an tokare shi da ƙarfe.
Gida duk fuska, babu ɗaki, babu murhu,
babu mai cewa wane ne nan.

Can aka harbi wani saurayi a gabanmu,
ya faɗo daga bene, jini a riga.
Kuluwa ta saki salati, ta cafke hannuna,
abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.
Kafin ta kai ƙarshen innalillahi
mamacin ya tashi, ya kaɗe wando,
ya karɓi shayi, ya tsaya a yi hoto da shi.
Har yau ba ta yafe masa ba.

Lilon ƙarfen da ke kifa mutane a sama kuwa,
na ce su je, ni ne mai gadin jaka.
Daga ƙasa na tsinci muryar Zuwaira
cikin ihun mutum ɗari,
yadda kake gane kukan akuyarka ranar kasuwa.

Abin da ya hana ni barci shi ne ruwan.
Wani yaro ya danna maɓalli,
sai duhu, sai tsawa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya,
a kan titi ɗaya tak.
Ya sake dannawa, ya ɗauke cak.
Jama'a na ta tafawa,
ni ina tuna gerona na Jiratawa
da ya tsaya iya gwiwa bara,
ya bushe yana kallon gabas.
Na ce Lawali ya tambaya nawa ne kuɗin na'urar.
Ya ce, Baba, ruwan tafkin ne ake juyawa,
ba ya jiƙa komai sai ƴan kallo.

Mu biyu muka dawo.
Zuwaira na can, ta shiga lakwal.

Shekaranjiya na kwashi jikokin da suka rage min
muka tafi Madarumfa.
Ba tikiti. Nomau ya ɗauke mu a jirginsa mai yoyo,
muna kwarfe ruwa da gwangwanin tumatir.
Yara suka ce, Kaka, to ina majigin?
Ban kai ga amsa ba gabas ta haɗe.
Ba wanda ya danna komai.
Tun tsakiyar tafki yake dukanmu har gaɓa,
ya biyo mu hanya, ya ratse gonakin mutane,
waya ma ta sha nata rabo a aljihu.

Hoto ɗaya nake jin tsoron rasawa:
Zuwaira ta leƙo ta tagar gidan da ba ɗaki,
tana kirana in shigo.

Kuluwa ta ce in bar wayar, za ta tashi.
Wai ai ƴar ƙasar Sin ce,
can matattu na miƙewa su sha shayi.