Sanarwar da Aka Manna a Ƙofar Gidan Burodi

Ni ne Eladio, magatakardan 'Yan'uwan Fitila
na garin Portosil, a gaɓar Galisiya,
inda teku ke ba mu abinci da hannun dama,
ya kwashe mana maza da na hagu, babu tambaya.

A littafinmu akwai suna ɗari uku da tara.
Masu numfashi a cikinsu, bakwai.
Na goge tabarau jiya, na sake ƙirgawa.

Samari, ba zan yi muku romon baka ba.
Asusunmu gwangwanin kifi ne,
ko ɓera ya daina leƙawa.
Ɗakin taronmu na saman shagon mai ɗinkin koma,
rufin na yoyo daidai kan kujerar shugaba,
shi ya sa ba mu taɓa rigimar mulki ba,
kowa ɗan'uwansa yake turawa.

Ana raɗe-raɗin muna da asiri.
Muna da shi, ga shi nan kyauta:
in jirgin su ya wuce lokacin dawowarsa,
mu ke hawa dutsen bakin ruwa da fitilu,
iska na marinmu har gari ya waye.
Fitila ba ta ƙwato wanda ruwa ya ci, mun sani.
Muna kunnawa ne don matar da ke tsaye a taga
ta ga ba idonta kaɗai ne ya ƙi runtsawa ba.

In teku ya amayo mutum, mu ke ɗauka.
Akwatin gawa kafaɗa shida yake nema.
Na ce mu bakwai ne, to, amma gwiwar Amaro ta yi yaji,
Brais kuma tari ya mayar da shi sillen kara.
Ranar da muka kai Anselmo, a hawan tudun coci,
akwatin ya karkato ta ɓangarena,
na ji ƙafata tana zamewa,
sai wani yaro mai kai burodi gida-gida
ya yar da kekensa a kwata, ya sa kafaɗa.
Bai ce uffan ba, ya tafi kafin a gama binnewa.
Yaro, ban san sunanka ba.
In kai ne ke karanta wannan,
mun ajiye maka kujera, nesa da yoyon.

Sauran aikin ba shi da ganga.
Itacen hunturu a ƙofar Celsa kafin ta farka,
takalmin makaranta ga marayun Anselmo,
a ajiye a juya, kada a tsaya jiran godiya,
don ciwon karɓa ya fi na bayarwa.

Ba ma tambayar jam'iyyarka,
ko rabonka da coci tun ranar aurenka,
ko daga Senegal jirgi ya kawo ka, ko daga Peru.
Ruwa bai taɓa duba fasfo kafin ya ja mutum ba,
mu ma ba ma dubawa.

Kuɗin shiga kwalbar man fitila ɗaya.
Rantsuwar gajeriya ce, ko mai in'ina zai iya:
in an kira, zan zo.
Bayan ta akwai romon kifin Sabela,
gishirinsa ya cika yawa, kada ka faɗa mata.

Za ka ce kana da abokai dubu a cikin wayarka.
Madalla. Tambaye su waye zai kama ta wajen kai,
waye ta wajen ƙafa.

Bari in fasa ƙwai, tunda takarda ta kusa ƙarewa.
Shekaruna saba'in da takwas,
kuma ni na iya lissafi.
In aka cire ni, aka cire Amaro da Brais,
kafaɗa huɗu suka rage, tudun kuwa bai rage tsawo ba.
Ba na so a tura ni a amalanken kifi.

Alhamis, bayan faɗuwar rana.
Matakala ta uku ta ruɓe, ku tsallake ta.
Ku buga ƙofa da ƙarfi,
dukkanmu kunne ya fara tafiya.