Hamsin da Hamsin

Ƙarfe biyun dare a Icheon.
Gonakin shinkafa sun yi barci bayan katangar kamfani.
Daga ni sai fankar injin gwaji
sai kofin shayin sha'ir da ya huce tun goma.

A kan allo koren layi yana tashi, yana sauka.
Agogo ne, amma ba fuska, ba hannu,
bugu ne tsagwaronsa,
sau biliyan uku a sakan guda,
kuma ƙwaƙwalwar na'ura da shi take kwana, da shi take tashi.

Ƙa'ida ta ce a raba daidai:
rabi sama, rabi ƙasa.
Nawa ya ƙi.
Hamsin da uku a sama, arba'in da bakwai a ƙasa,
sama ta ci haƙƙin ƙasa
da ɗan lokacin da haske ma, duk saurinsa,
bai ƙetare faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Wa zai kai ƙara a kan wannan?
To, a bakin tashi ake ɗaukar saƙo,
a bakin sauka a ɗauki na biyu,
in ɗaya ya samu fili, ɗayan a tsaye zai ci abinci.
Na tura zafin akwati zuwa casa'in da biyar,
idon da ke tsakiyar allo ya fara lumshewa,
ɗaya ta koma sifili ba sallama.
Wata rana hoton 'yar wani ne zai rasa gira,
ko lissafin asibiti ya yi tuntuɓe.

Na gina masa ƙananan tuluna biyu,
wannan ya cika lokacin sama,
wancan lokacin ƙasa,
da alƙali a tsakani mai duba wanda ya rinjaya.
Bayan alƙali, jerin ƙofofi,
kowace ba ta da aiki sai cewa: dakata kaɗan.

Makonni shida ina neman ƙofar da za ta ce: yi sauri.
Babu ita.
Silikon bai san gaggawa ba,
abin da ya makara ya makara.

Sai na ji kakata, Sun-deok,
a tsakar gidanmu na Wonju, daren kaka,
ita da matar wanta Bong-rye
suna bugun tufa a kan dutse,
sanduna huɗu, lugude har maƙwabta su yi barci a kai.
Kafaɗar Bong-rye ta lalace tun shekarar ambaliya,
hannunta kullum a baya.
Ban taɓa jin kaka ta ce mata ɗaga hannu ba.
Nata take riƙewa a iska,
ɗan riƙon da ido ba ya kamawa,
har bugu ya zauna daram.

Na jinkirta wanda ya riga.
Ƙofa ɗaya: hamsin da biyu.
Uku: hamsin da ɗigo.
Na yi zari na ƙara biyu, ya zarce arba'in da tara,
gyaran gangar da ya fi ɓarna ciwo.
Na janye ɗaya.
Alƙali ya yi ta waige, hagu, dama, hagu,
sannan ya yi shiru.
Ido ya buɗe tar, ko a cikin zafi.

Ƙarfe shida Mok Jin-u ya shigo da laimarsa a jiƙe.
Ya dubi allo, ya dube ni.
"Me kika canja?"
Na ce, "Na koya masa jira."
Ya ce in rubuta da lambobi kafin taron tara.

Dutsen kaka yana barandar ƙanwata yanzu,
an ɗora masa tukunyar fure.
Na fita ruwa na yayyafi,
kwaɗi suna ta nasu lissafin a gona.
A hanyar tashar bas na kasa kunne ga takalmana:
ƙafar hagu tana riga ta dama.
Na bar ta haka.