Inda Ruwa Ke Raba Hanya

A Tudun Jukun muka tashi, bakin Kubanni,
inda ruwa ke wucewa da ledoji da takalmi ƙafa ɗaya.
Baba Jatau, mai gadin injin madatsar Shika,
shi ya goya ni a keke wata Laraba,
muka yi ta yin arewa har gwiwarsa ta ce a tsaya.

Kan wani tudu ya tsiyaye ruwan gorarsa.
Rabi ya gangaro wajenmu,
rabi ya juya mana ƙeya.

"Wannan Galma zai bi," in ji shi,
"ya gai da Kaduna, ya faɗa Kwara,
ya je ya ɗanɗani gishirin teku.
Wancan kuwa Chadi ya nufa,
in yashi bai shanye shi a hanya ba."

Na ce, "Baba, ba gora ɗaya suka fito ba?"
Bai amsa ba. Ya toshe bakin gorar.

Yau yayana Barau na Baga yana bandar tarwaɗa,
Ladidi na Lakwaja da 'ya'ya huɗu.
Ni ne raɓar da ta maƙale a tudu.
In hadari ya sauko Zariya
sai in tsaya ƙarƙashin indararo,
ina ba kowane ɗigo sallahu.