Ban Same Shi Ba

Ƙarfe ɗaya saura kwata Maritza ta kira daga Antofagasta:
"Da'irar nan sai juyawa take, kamar akuya a turke.
Mama ta ƙi kwanciya."
Na zura silifas, na sauka ƙarƙashin bene
inda uwar garke ke zaune bisa tsohon akwatin kifi,
fitilarta kore shar, kamar ba ita ba.

Na ƙwanƙwasa, ta motsa: tana nan da ranta.
Na ce buɗe, shiru.
Na sake cewa buɗe.
Ta yi mini kunnen uwar shegu.

A waje hazon teku ya haɗiye tudun Barón,
wani jirgin dakon kaya na nishi a tashar Valparaíso,
karnuka na miƙa wa juna haushi daga tudu har gangare.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi:
kashe, ƙirga goma, kunna.
Ta farfaɗo, ta yi minti uku tana rawar jiki
kamar sabon ɗan aiki,
ta sake somewa.
Na zagi kamfanin waya a zuci. Na zargi igiya, na canza ta.
Na kwance murfi, na tsince gashin Pebre daga fanka,
shi kuwa yana kan matakala yana lasar ƙafa, ko a jikinsa.
Ba zafi ba ne. Ba wuta ba ce.
Shayina ya huce ban kurɓa ba.

Sai wajen biyu da rabi na leƙa rumbu.
Cike maƙil, babu masakar tsinke.
Ba fina-finai suka cika shi ba, ba waƙoƙi ba.
Littafinta ne, wanda take rubuta damuwarta a ciki,
ya kumbura ya danne komai
har ta rasa inda za ta ja numfashi.
Na buɗe shi. Layi ɗaya ne, sau miliyan goma sha ɗaya:

ban same shi ba
ban same shi ba
ban same shi ba

Wa ake nema haka?
Na bi sawu. Bidiyo ne, minti tara, hoton na rawa,
wani Satumba a tsakar gidanmu, hayaƙin gashi na tashi,
Baba Nibaldo da farin hankici a sama
yana taka rawa, yana taka ƙafar Mama,
ita tana dukan kafaɗarsa tana dariya.

Ni ne.
Wata Lahadi, mako uku baya, son tsari ya kama ni,
na sauya wa jakar suna.
Da "Tsoho" take, na mai da ita kwanan wata.
Ita kuwa can arewa, kowane dare,
yatsa kan gilashi, tana dannawa,
ba ta faɗa wa kowa ba, don kada ta dame mu.
Na'ura ba ta san haƙuri ba.
An aike ta, ba ta samo ba, sai ta koma, sai ta koma,
tana rubutawa duk dawowa.

Gyaran bai kai tafasar ruwa ba.
Na share littafin, na ɗaura masa iyaka,
na mayar wa jakar sunanta.
Fanka ta sassauta murya.

Na kira. Maritza ba ta ce komai ba,
ta dai kara wayar kusa.
Na ji jita, na ji tafi,
na ji tarin nan nasa da ke zuwa kafin dariya.
Can baya Mama Eduvigis na cewa, "Ƙara sautin."

Na zauna a ƙasa, siminti na cizona da sanyi,
ina kallon fitila na ƙiftawa.
Minti tara ta yi tana ƙiftawa. Ta tsaya.
Sai ta sake farawa.