Layi na Tamanin da Bakwai

Daren Laraba a Unguwar Sanusi, wuta ta dawo ƙarfe ɗaya.
Na jawo aikin Tanimu, na ƙarshe cikin talatin da shida:
manhajar lissafin adashi,
wa ya zuba, wa zai kwasa, wa ya yi nauyin hannu wata biyu.
Tana tafiya sumul,
kamar ba yaron da ke gyangyaɗi a bayan aji ne ya kawo ta ba.

A layi na tamanin da bakwai na tsaya.
Can gefe, inda inji ke tsallakewa,
wani ya bar wa ɗan'adam saƙo:
"Kar a taɓa nan sai an sha shayi."

Na ɗebi jimlar na jefa a rijiyar bincike.
Guga bai kai ƙasa ba ya dawo a cike.
Arba'in da uku.
Ga ta a Jos, ga ta a Maraɗi,
ga ta a hannun wanda bai jin Hausa,
ya kwashe ta har da shayin,
kamar mai sayen kwancen riga da laya a aljihu.
Wani ya sauya sunaye, wani ya rage tsawo,
wani ko hular bai karkata mata ba.
Na ɗauki jan biro, ina ta hura hanci.
Gobe Tanimu zai ji cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Sai na ce bari in bi sawu, in ga mafarin.
Na gangara shekara bayan shekara
har na iso ga mafi tsufa.
Sunana ne a samanta.

Mai kaza a aljihu.
Fanka tana juyawa, ni kuwa gumi.

Kakuri, shekarar da masaƙa ta yi shiru,
Baba yana zaune a gida yana murza yatsu
kamar har yanzu akwai zare a tsakaninsu.
Shagon intanet na Rifkatu, kwamfuta huɗu, ɗaya gurguwa.
Ita ta rubuta wannan a bayan littafin bashi
don matan layinsu da suka gaji da rigimar kwasa.
Ta nuna mini, tana dariya, kofi a hannunta.
Na ce, ara mini in duba.
Na duba. Na ɗora. Na sami aiki da shi.
Ban goge sunanta ba, na sha faɗa wa kaina,
ai ba ta rubuta shi a kai ba.

Baba ya taɓa cewa babu masaƙin da ya shuka audugarsa,
kowa da zaren wani yake saƙa.
Amma a bakin kowane yadi, in ji shi,
akwai siririn layi da ke faɗin gidan da ya fito,
kuma wanda ya yanke shi ya san abin da ya yanke.

Rijiyar nan ta san komai, ban da littafin bashi.
Ta ƙirga arba'in da uku, ta sa ni a matsayin uba.
Rifkatu ta koma Kafanchan tun rikicin da ya raba gadar nan biyu,
lambarta ta daina shiga.

An kira assalatu daga Tudun Wada.
Na ajiye jan biron.
Tanimu zai zo, zan tambaye shi inda ya samo,
zan kuma faɗa masa inda na samo,
ban san wanda zai fara sunkuyar da kai ba.

Na buɗe tsohon kwafina, na kai yatsa layin.
Sauran arba'in da biyun ba za su ji labari ba.
Na tashi na ɗora ruwan shayi tukuna.