Magajin Rairayi

In Logon ya ja baya, ƙarshen Janairu,
tsakanin Kuseri da Injamena
wani tudun yashi kan ɗago kai,
bai fi filin ƙwallo biyu ba.
Taswirar gwamna ba ta san da shi ba.
Mu muka raɗa masa suna: Ƙasar Bayan Ruwa.

Majalisarmu mutum bakwai ce:
Adum mai jirgin fito, Kaka Falmata mai bandar kifi,
Tijjani wanki da guga,
tagwayen Musgum masu taru,
Barau da ke haye da sukari in dare ya raba,
sai ni, bisa turmin da aka kifa,
Magajin Rairayi, uban zama,
wanda aka hana wa tsoma baki a zancen kowa.

Haka na gaje ta wajen kawuna Jatau:
jar hula da asu ya ci gefenta,
filafilin da ya tsage tun ban zo duniya ba,
da ƙa'ida guda: ka buɗe, ka kame baki, ka rufe.
In na soka filafili a yashi, zama ya zauna,
ba mai tashi, ba mai ɗaga hannu kan ɗan'uwa.

Delu matata kan yi dariya har da ƙwalla:
"Sarautar da ba ta sayen gishirin miya!
Ko ɗan akuya bai kauce maka a hanya."
Gaskiyarta. Da safe ni mai facin taya ne
a bakin gadar Ngeli, yatsuna baƙi da gam,
jandarma na kirana da fito, ina amsawa.

Sai shekarar da injin Adum ya yanka tarun tagwaye,
taru na sefa dubu tamanin, bashi ne ma.
Aka zo zama ido jajir.
Na ga ƙotar wuƙa ƙarƙashin riga,
na ga Barau na auna nisan kwalekwale.
Magana cike da bakina kamar tuwo mai zafi,
ba damar tofarwa, na yi ta haɗiyewa.

La'asar ta yi. Lokacin zare filafili ya yi.
Ban zare ba.
Suka dube ni, na dubi ƙafata.
Magariba ta faɗa, muka yi salla a inda muke,
sauro ya zo ya karɓi harajinsa,
fitilun Injamena suka kunnu ɗaya bayan ɗaya,
zagi ya gaji, ya koma gunaguni,
gunaguni ya koma hamma da miƙewa.

Can wajen asuba Kaka Falmata ta hura wuta,
ta gasa karfasa huɗu, tire ɗaya tak ta kawo.
Yunwa ba ta tambayar wa ya yanka taru.
Adum ya ce zai biya rabi bayan kasuwar Alhamis,
ƙaramin tagwaye ya miƙa masa barkono.
Sannan na tashi, gwiwata na ƙara,
na zare itacen nan da ba ya tuƙa komai,
rana na fitowa.

Yuli ya zo, kogi ya karɓi kayansa.
Ƙasata ta nutse, har turmin sai da muka ɗauke.
Watanni shida ina mulkin abin da babu,
filafili jingine bayan ƙofa tare da tsintsiya.

Bana tudun ya fito can kudu kaɗan, ya rame.
Da na ɗauko hular zan tafi,
na tarar an cike gefen da asu ya ci
da jan zare, ɗinki ƙanana, irin na Delu.
Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.
"Ka sayo gishiri," ta ce, "in kana dawowa."