Sanyin Baba

Fijon Baba ta girme ni da damina biyu.
Fara ce a da, yanzu launin tsohon haƙori.
Ita ya bar mana, da bashin taki,
da makulli ɗaya ɗaure da igiyar buhu.

Bazara a Jega ba ta amsa sallama.
Kwalta na naso kamar ƙaro,
sitiyari na cizon tafin hannu.
Ran Talata za a duba idon Inna a Sakkwato,
na rantse ba zan kai ta a dafe ba.

Rumfar Arzika na bayan tasha,
gindin dogon-yaron da shi ma inuwa yake nema.
Ya ɗaga bonet, ya yi tsaki, ya bi da dariya:
"Wanga gas sha-biyu na, ɗan Alhaji,
an bar yinai tun kana goye.
Cewa sunka yi shi ka huda rufin sama."

Na ce a ɗura sabo kawai, in kama hanya.
Ya dube ni, kallon mai gona ga baƙon akuya:
"Tsohon mai da sabon gas ba su shan inuwa ɗaya.
Sai an wanke mata hanji kamar na ragon layya."

Amma kafin wanki, akwai saura a ciki.
Bai sake shi ga iska ba,
ya ce hujin da ke sama ya ishe ta.
Ya jona tiyo, ya janye shi cikin tulun ƙarfe,
ina tsaye allurar geji na sunkuyawa
sannu, kamar mai sauka daga raƙumi.
Wannan ne ɗurin ƙarshe da Baba ya biya,
shekarar da albasa ta yi kuɗi.
Na ɗauki tulun, na jinjina.
Ko nauyin hularsa bai ƙaru ba.

Jabbi, yaron shago, ya kwance kwamfiresa,
ya tsiyaye ta a gwangwanin madara,
mai ya fito ja-ja-ja kamar zumar bara.
Robobin mahaɗa, baƙaƙe, sun ƙeƙashe,
suna marmashewa kamar ƙulin da ya kwana biyu.
Aka sa koraye a gurbinsu.
Aka sauya matacin danshi, aka ɗaura sababbin bakuna.
Kowane da farashinsa, Arzika na rubutawa
a bayan kwalin sigari, ba ya kallona.

Sai injin zuƙa ya yi ta gurnani rabin awa.
Ya kashe. "Yanzu mu zura wa allura ido.
In ta motsa, akwai ƙarya wani wuri."
Muka yi la'asar, muka dawo,
tana nan inda aka bar ta.
Ban san ranar da na ga gaskiya irin wannan ba.

Bai cika ta ba da ya zo ɗuri.
Takwas cikin goma, ya ce, sabon mai zafin kai ne,
a ba shi fili ko ya fasa tiyo.
"Kuma in ka tsaya, sanyi zai rage.
Ɗan zamani na, sai ana tafiya yake aiki."

Talata. Gilashi a rufe, Inna a gaba,
ta miƙa yatsu ga ramin iska
kamar mai taɓa goshin jinjiri.
Ta daɗe.
"Da sanyi," ta ce. "Amma ba na babanka ba ne."

Daf da Aliero ta laluba marfi,
ta murɗa, gilashi ya sauka yana kuka,
zafi ya faɗo mana kamar an buɗe tanda.
Dubu arba'in da biyar na bin iska!
Na buɗe baki.

Ta ce, "Yi shiru. Ido ne ba ni da shi.
Nan yake tsayawa kullum,
bar ni in ji warin albasa."